Kaka a ƙasar Turawa: wa ke fita lambu kallon tsuntsaye ko zane?

Maman Hanif, Landan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga Oktoba ta shigo, ganye ya fara juyewa, kuma Lahadin ƙarshen wata za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan magariba za ta riƙa yi mana tun kafin ƙarfe biyar. Ina so mu yi hira kan fita lambu a wannan ɗan tsakanin, kafin hunturu ya kulle mu a ɗaki. Wata dattijuwa maƙwabciyata ce take jana, ita da madubin hangen nesa da ɗan akwatin fentin ruwa, ni da yara a baya. Abin ya fara shiga raina. Ku da kuka saba, ina kuke zuwa, me kuke gani, da wane kaya kuka fara? Don Allah abin da mutum ya gani da idonsa nake so.

Abu Safwan, Landan

Wa alaikumus salam Maman Hanif. Tunda da yara kike tafe, ki fara da St James's Park, nan gaban fadar Buckingham. Akwai kwasakwasa a tafkin, manya farare, wani lokaci har kan benci suke hawa kusa da mutane. Tun 1664 ake ajiye su a wurin, lokacin da jakadan Rasha ya kawo wa Sarki Charles na Biyu kyautarsu, kuma har yau ma'aikata na ba su kifi wajen biyu da rabi na rana. Yaro ko bai damu da tsuntsu ba, in ya ga yadda suke zura kifi cikin jakar bakinsu sai ya tsaya.

Ni dai na fi zuwa Regent's Park, saboda babban masallaci yana bakinsa. In ranaku suka gajarta, azahar da la'asar suna matse juna, to mutum ya yi yawonsa ya shiga ya yi salla ya dawo. A tsibirin tafkin zalɓe ke yin sheƙa, kuma sun saba da mutane sosai, za ki iya tsayawa taku kaɗan daga gare shi yana ƙame a bakin ruwa. A gida ko kin je fadama ba zai bari ki matso haka ba. Sai kuma tsirya, koraye masu dogon bindi da jan baki, masu cika wuri da ƙara. Jinsinsu ɗaya da tamu ta gida, sai dai na nan jikokin waɗanda aka kawo a keji ne suka tsere suka hayayyafa.

Gargaɗi ɗaya: Richmond Park yana da kyau ƙwarai a kaka, amma yanzu ne lokacin barbarar bareyin wurin, kuma sun haura 600. Mazan suna ruri kamar bijimi a kara ranar kasuwa, suna karo da ƙaho. Hukumar lambun ta ce a bar tazarar mita 50, kuma da gaske suke. Na ga wani ya matsa da waya zai ɗauki hoto, da ƙyar ya sha.

Ɗan Zango, Bronx

Sannunku da hira. Mu nan Niyok kaka ita ce kasuwar masu kallon tsuntsaye. Ni direba ne, aikin dare nake, in na tashi da asuba sai in biya Central Park, ɓangaren da ake kira Ramble, kafin in je in kwanta. Ƙananan tsuntsaye da dare suke tafiya, suna bin gaɓar teku daga Kanada zuwa tsibiran Karebiyan da Kudancin Amurka. In gari ya waye suna saman birni, babu inda za su sauka sai wannan koren fili da ke tsakiyar benaye, shi ya sa suke taruwa a nan. Tsofaffin 'yan harkar sun koya mini cewa in aka kwana da iskar arewa maso yamma mai sanyi, washegari da sassafe kada in yi barci, kuma na ga gaskiyar haka. Bishiya ɗaya sai ka ga tana motsi ko'ina.

Wanda ba ya son cunkoso ya hau jirgin ƙasa mai lamba 6 har ƙarshen layi, ya sauka Pelham Bay Park. Ya ninka Central Park fiye da sau uku, ga bakin teku, ga shiru.

Abin da ba ya mini daɗi shi ne gilashi. Da safe a gindin wasu benaye sai ka tarar da su a ƙasa, sun yi karo da taga saboda fitilu sun ruɗe su da dare. A Oktoban 2023 a Shikago kusan dubu suka mutu a gini ɗaya cikin dare ɗaya. Tun da na san haka nake kallon ƙasa in na wuce wasu tituna.

Game da kaya, Hajiya, ki sa Merlin a waya, kyauta ne, na jami'ar Cornell. Yana sauraron kukan tsuntsu ya faɗa miki sunansa. Madubi kuwa mai lamba 8x42 shi ne yawancin mutane ke riƙewa, kuma na hannu ma ya isa.

Abu Safwan, Landan

Ɗan Zango, Merlin ɗin nan ina da ja a kansa. Yana taimakawa, amma na sha ganin mutum ya zo lambu ya sunkuyar da kai kan waya, tsuntsun na gabansa bai ɗaga ido ya kalle shi ba. Kuma yana kuskure in akwai hayaniyar mota. Ni shawarata a fara nemo tsuntsun da ido, a lura da girmansa da bakinsa da yadda yake tafiya, sannan a tambayi waya.

Anti Mai Buroshi, Mancesta

Maman Hanif ƙanwata, zo nan, ɓangaren fenti nawa ne. Kada ki bari a sayar miki da akwati mai kala arba'in. Ƙaramin akwatin ɗalibai irin Cotman na Winsor & Newton ya ishe ki, kuma a cikinsa ma kala kaɗan za ki riƙa taɓawa a kaka: rawaya mai ƙasa-ƙasa, jan ƙasa, shuɗi mai duhu, da ja guda ɗaya. Shuɗin da jan ƙasar in kin haɗa su suna ba ki toka-tokar sararin Ingila da kalar kututture. Inda za ki kashe kuɗi shi ne takarda. Ki nemi mai kauri, wadda aka rubuta giram 300 a jikinta. Ta littafin makaranta tana shan ruwa ta cukurkuɗe, sai mutum ya zaci hannunsa ne bai iya ba, alhali takardar ce.

Ƙa'idar fentin ruwa ita ce daga haske ake tafiya zuwa duhu. Babu farin fenti da za ki shafa daga baya ya gyara miki, farin takardar shi ne farinki, don haka tun farko ki san inda za ki bari ba ki taɓa ba. Ki fara da shafe mai ruwa-ruwa, ki bari ya bushe, sannan ki ɗora na biyu. To nan ne kaka take wahalar da mu. Iskar Mancesta a Oktoba jiƙe take, takarda sai ta yi ta ɗanshi ba ta bushe ba, in kika yi gaggawa kalolin su cakuɗe su zama laka. Abin da nake yi, ina buɗe shafi biyu: in shafa wannan in ajiye, in koma wancan, ko in sha shayin da na zo da shi a fulas. Safar hannu mai yankakkun yatsu tana da amfani, haka buroshin nan mai tankin ruwa a jikinsa, ba sai kin ɗauki kofi ba.

Ki fara da ganye ɗaya, ba lambu gaba ɗaya ba. Ki tsinto shi ki ɗora a gwiwa ki dube shi da kyau. Rawayar da kike gani dama tana cikinsa tun bazara, koren ne ya rufe ta, da bishiya ta janye koren sai ta bayyana. Ja kuwa sabo ne, ganyen ke ƙera shi a kaka, kuma ya fi fitowa in an samu rana da yini, sanyi da dare. Sanin wannan ya taimake ni a zane, domin haka nake jerawa: rawaya a ƙasa, ragowar kore a gefen jijiyoyi, ja a sama tun takardar na da ɗan laima don ya bazu da kansa.

Wani abu kuma da ke sa ni murmushi duk sanda na buɗe akwatin: abin da ke riƙe kalar nan a takarda ƙaro ne. Ƙaron nan dai da almajirai ke sa wa tawada. Mafi yawansa daga Sudan yake zuwa, sai Cadi da Najeriya, su Yobe da Borno da Jigawa.

Ummu Khalil, Lidis

Anti, Allah ya saka. Amma ina da tambaya, kuma ba don jayayya ba. Zanen tsuntsu ai zanen abu mai rai ne. Ni shi ya hana ni farawa.

Anti Mai Buroshi, Mancesta

Tambaya ce mai kyau Ummu Khalil, kuma fatawa ba tawa ba ce, ki tambayi malamin da kika amince da shi. Ni abin da nake yi: bishiya, ganye, ruwa, gada, hanya, gajimare. In na ga tsuntsu rubutawa nake a gefen shafin, rana kaza, wuri kaza, yana yin kaza. Littafina ya cika ba tare da na zana ko ido ɗaya ba, kuma ban ji na rasa komai ba. Akwai 'yar uwar da muke fita tare, ita gashin tsuntsu da ya faɗo take zanawa.

Sadiq, Balin

Salam. Ni ɗalibi ne a Jamus, fenti ba nawa ba ne, amma ga abin da na gani. Cikin gari akwai Tiergarten, kuma Balin ta yi suna wajen manyan shaho da ke sheƙa a lambuna da maƙabartu, suna farautar tattabaru. Amma abin kallo na Oktoba yana wajen gari, wani ƙauye Linum a arewa maso yamma. Dangin gauraka ne, masu toka-toka marasa tukku, suke yada zango a nan a hanyarsu daga arewacin Turai zuwa Faransa da Sifen. Dubun-dubatarsu. Da yini suna kiwo a gonakin masara da aka girbe, dab da faɗuwar rana kuma su dawo layi-layi su kwana a tsaye cikin ruwa mara zurfi. Kafin ka gan su kukansu ya cika maka kunne. Wanda zai je ya sa kaya masu duhu da takalmi mai kauri, kuma ya yi shirin sallar magariba a fili, don lokacin ne abin ke kankama.

Malam Na-Fadama, Nguru

Ina karanta ku ina dariya. Ku kuna sallamar baƙi, mu muna shirin tarbarsu. Wasu daga cikin tsuntsayen da ke barin Turai yanzu nan suke sauka, fadamar Haɗeja da Nguru da tafkin Dagona wajen Gashuwa. Shamuwa na tattara nata ta yi kudu bayan damina, su kuma ƙananan agwagin Turai da masu dogayen ƙafafu suna isowa, su yi ta kiwo a gonakin shinkafa da aka yanke har zuwa Maris.

Sai dai ku sani, manomi a nan in ka ce masa tsuntsu a watan kaka, jan baki yake ji, wanda ke sauka kan gero da shinkafa ya share wahalar shekara. Yara tun asuba suna gona da gwangwani suna kora. Ga kuma kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa, cikinta jan bakin ke kwana. Tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa ambaliyar da ke cika fadamar ba ta zuwa kamar da. Don haka in mutum ya fito da madubi yana kallon tsuntsu, sai an yi masa kallon wanda ya ƙoshi. Ni malamin makaranta ne, nakan fita da ɗalibai duk da haka, madubi ɗaya muke karɓa-karɓa.

Abu Safwan, Landan

Malam, Allah ya ƙara lafiya. Maganarka ta ruwa tana taɓa mu har nan. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke hayayyafa a shingayen Ingila ya yi hunturu a Sahel. A bazarar 1969 fiye da rabinsu ba su dawo ba, masana suka yi ta bincike, daga baya aka gano farin da ya fara a yankinmu ne ya cinye su. Dattawan da nake haɗuwa da su a lambu har yau suna ambaton shekarar, kuma in na ce musu daga arewacin Najeriya nake sai tambayoyi su ɓarke kan damina.

Baban Gida, Bamingam

Ku yi haƙuri, ni fa ban ga lokacin ba. Mutum ya yi awa goma sha biyu a tsaye a wurin aiki, ranar hutu kuma ya je ya tsaya cikin sanyi yana kallon hankaka? Ga karnuka an sake su ba igiya, su zo su shinshina maka wando.

Ɗan Zango, Bronx

Yaya Baban Gida, ni ma daga aiki nake biyawa, rabin awa ce kawai, kuma na fi samun barci in na yi ta. Maganar karnuka gaskiya ce. A Central Park an yarda a sake su da sassafe kafin ƙarfe tara a wurare da yawa, amma a Ramble doka ce sai da igiya ko yaushe. Ka duba allon ƙofar lambun unguwarku, da wuya a rasa ɓangaren da aka hana su shiga.

Maman Hanif, Landan

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti, yara sun ji labarin ganye sun ce su ma sai an saya musu, takardar mai tsadar zan ba su ko akwai dabara? Malam Na-Fadama, maƙwabciyata ta ce tana da tsohon madubi da ba ta amfani da shi, in an samu mai zuwa Kano a Disamba zan ba da a kawo wa ɗalibanka.

Anti Mai Buroshi, Mancesta

Ki sayi babban falle ɗaya ki yanka shi ƙanana kamar girman tafin hannu, ya fi littafi araha, kuma bayan takardar ma ana zane a kai. In za ku je wurin agwagi kada ku kai musu burodi, hatsi ko wake kore ya fi musu. Kuma ki ja wa su Hanif kunne kada su taɓa mataccen tsuntsu ko mara lafiya, saboda murar tsuntsaye tana yawo a irin wannan lokaci, a faɗa wa ma'aikatan lambun kawai.