RX-8 ɗina tana shan baƙin mai, injin ne ya mutu?

Ɗan Badariya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan da na sayo Mazda RX-8 ƙirar 2005 daga Kwatano. Tana tafiya lafiya lau, amma duk zuwa Sakkwato biyu ko uku daga Birnin Kebbi sai in ga baƙin mai ya sauka a geji, kuma ko ɗigo babu a ƙasa. Wani bakanike ya ce ringin fistin ne ya cinye, a sauke inji. Kuɗin gonar shinkafata ta Argungu na zuba a motar nan, wallahi hankalina ya tashi.

Baba Bakanike Jega:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka bari a taɓa maka injin nan. Wanda ya ce ringin fistin bai san motar ba, don babu fistin a cikinta ko ɗaya. Inji ne irin na Felix Wankel, Bajamushe: ƙarfe mai kusurwa uku da ake kira rota ke juyawa cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa, kuma guda biyu ne a taka. A bakin kowace kusurwa akwai siririn ƙarfe mai goga bango yana tare matsi. Man da ke cikin kwanon ƙasan inji yana shafa boris yana sanyaya cikin rota, amma ba ya kaiwa waɗannan bakuna. Shi ya sa aka sa ɗan famfo mai ɗiga baƙin mai cikin ɗakin ƙonewa, ya shafa su, ya ƙone tare da fetur. Da gangan take shansa. Ni ranar da ta daina sha nake tsoro, don famfon ya tsaya ke nan, bakunan na goga a bushe.

Injiniya Tudun Wada Gusau:
Gaskiyar Baba ce. Masu ƙirar kafin 2009 irin taka da yawa suna ƙara man tu-ti kaɗan a tanki, kamar na ƙaramin janareta Tiger, don a 2009 ne aka ƙara hanyar ɗiga mai ta uku a kowace rota. Sannan kada ka tada ta da sanyi ka kashe nan take, fetur zai jiƙa fulogi ta ƙi tashi.

Ɗan Badariya:
Allah ya saka da alheri, Baba. To yaushe zan riƙa dubawa?

Baba Bakanike Jega:
Duk shan fetur biyu ka zaro geji, ka ajiye galan a but, musamman a zafin Afrilu. In ta fara wuyar tashi bayan ta yi zafi, to nan ne za ka nemi wanda zai auna maka matsin injin.