Neman shawara: firintar 3D ɗaya, aji cike da ɗalibai, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da zanen injiniya a wata makarantar fasaha a nan Kaduna. Bana mun samu firintar 3D guda ɗaya, irin mai narka zaren roba tana jera shi hawa-hawa. Ɗalibaina sun iya zane a kwamfuta, amma tunaninsu duk na injin sassaƙar ƙarfe ne: ɗauko dunƙule, rage nan, huda can. Wani ya zana maƙalar bututu, hannunta a miƙe babu abin da ya tokare shi, sai robar ta zubo kamar taliya. Yaya zan juya musu tunani, ga na'ura ɗaya, ga wuta ba ta zama? Abin yana damuna ƙwarai, ba na son su fita da rabin ilimi.

Wani injiniya daga Kakuri:
Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye allo tukuna. Zana ƙugiya ɗaya ka fitar da ita sau biyu, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, ka rataya musu nauyi a gaban aji. Ta tsayen za ta riga ɓallewa, daidai mahaɗar hawa da hawa, don nan raunin yake. Ka miƙa musu gutsuren su shafa. Daga ranar, kowa zai fara tambayar ta ina nauyi zai bi kafin ya ja layi. Sannan ƙa'idoji su biyo baya: abin da ya karkata fiye da digiri 45 daga tsaye yana son tokara, kuma sassa biyu da za su shiga juna a bar musu tazarar milimita 0.2 zuwa 0.3.

Wata malama daga Zariya:
Batun na'ura ɗaya, Malam, Cura da PrusaSlicer, manhajojin kwamfuta masu shirya wa firinta zane, kyauta ne. Suna nuna awa nawa aiki zai ci da giram nawa na roba tun ba a kunna firinta ba. Ka raba su rukuni-rukuni, ka yanka wa kowane rukuni giram ɗinsa. Da kansu za su rage tokara, su daina cika cikin abin da suka zana da roba ɗam. Sai dai ka nemi inbata, ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki asarar zare ce.

Wani tsohon ɗalibi:
Ranka ya daɗe, don Allah ka kai su kasuwar Panteka ta Kaduna wajen masu zubin alminiyom. Su fitar da samfuri da roba, maƙera su danna shi cikin yashi su zuba ƙarfe. A nan za su gane dalilin ɗan karkata gefen samfuri don ya zare ba tare da ya rushe yashin ba. Ka kuma gaya musu PLA, wato nau'in robar zaren firinta, tana laushi a zafin wajen digiri 60 na ma'aunin Celsius, abin da aka manta a mota da zafin Afrilu lanƙwashewa yake yi. Da damina kuma a rufe zaren cikin mazubi mai murfi, yana shan danshi.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Da ƙugiyar zan fara ranar Litinin in sha Allahu. Wanda ya san maƙerin da zai karɓi ɗalibai a Panteka ya taɓa ni ta akwatin sirri.