Shin kotu ta hana masu sauya jinsi shiga banɗakin mata a Birtaniya?

Hajiya Rabi: Jama'a, magana ta ƙare. Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce mace ita ce wadda aka haifa mace, saboda haka banɗakin mata ya haramta ga wanda ya sauya jinsi. Alƙalai biyar, bakinsu ɗaya.

Barista Nura: Hajiya, a gafarce ni, rabin zancen ne. Ƙarar da ƙungiyar For Women Scotland ta kai, a kan kujeru ne. Dokar Scotland ta 2018 ta nemi a ba mata rabin kujerun gudanarwa a hukumomin gwamnati, sai gardama ta tashi kan wa za a ƙirga a mace. Hukuncin 16 ga Afrilu 2025 ya fassara kalmar "mace" ne a Dokar Daidaito ta 2010.

Hajiya Rabi: To ai Dokar Daidaiton ce ta halatta ware wa mata wurinsu, Barista. In kalmar ta zauna, sauran duk biyo ta za su yi. Ni a gidan kula da tsofaffi nake aiki a Bradford. Akwai tsohuwar da kullum kafin wanka sai ta damƙe hannuna ta ce, "Mace ce za ta zo ko?" Ita nake tunawa.

Sadiya: Anti, haƙƙin tsohuwar nan ba na ja. Amma ga wanda aka haifa mace, ya sha magunguna, gemu ya fito, murya ta yi kauri. Ina zai shiga? Kuma wa zai tsaya a ƙofa yana duba takardar haihuwa? Macen da Allah ya yi wa kamar maza ita za a fara tarewa.

Barista Nura: Kotun ta taɓo wannan, ta ce shi ma ana iya hana shi wurin mata. Kin ga ya rasa tudun dafawa ke nan. Lord Hodge, ɗaya daga cikin alƙalan, da kansa ya ja kunne kada a ɗauki hukuncin a matsayin nasarar wani ɓangare a kan wani, don dokar tana nan tana kare masu sauya jinsi daga wariya.

Malam Sani: Ku dai a gina ɗaki na uku, mai sakata, mutum ɗaya ciki. Kowa ya huta.

Hajiya Rabi: Malam, tsohon gini ne namu, banɗakin ma'aikata biyu ne tak. Na ukun a ina za a haƙa shi, kuma da kuɗin wa?