MacBook ko ThinkPad, wanne ya fi?

Mai tambaya: Salam jama'a, laftof nake son saya na karatu da ɗan kodin, kuɗina kuma ba yawa. MacBook ko ThinkPad na hannu?

Amsa: Wslm ɗan'uwa, in kuɗin ya kai ɗauki MacBook Air M1 na 2020, batirinsa na jimawa sosai, amma fa RAM ɗinsa, wato memorin da yake aiki da shi, a manne yake ba a ƙarawa.

Amsa: Ni dai ThinkPad wallahi, T480 ka buɗe ka ƙara RAM da SSD (ma'ajiyar fayiloli) da kanka kuma mai processor Intel ƙarni na 8 yana ɗaukar Windows 11, tunda Windows 10 an daina tallafa masa tun Oktoban 2025.

Amsa: Ko ka zuba wa ThinkPad ɗin Linux Mint a madadin Windows, kyauta ne. Sai dai Photoshop ba ya hawa.