Wane kamfani ya cancanci lambar yabo ta kare muhalli?

Abin da aka fi nanatawa a wata tattaunawa da aka yi kan karrama kamfanonin da ke kula da muhalli shi ne a daina dogaro da takardar da kamfani ya cike da hannunsa. Kowa na iya rubuta cewa ya dasa itatuwa. Alƙalai su taka da ƙafarsu bayan rani ya wuce, su ƙirga waɗanda suka rayu. In masana'antar fata ce, a leƙa magudanar da ke bayan katanga a ga launin ruwan da take zubarwa, a kuma gwada rasit ɗin dizal na bara da na bana.

Wani ya kawo misalin Earthshot, lambar yabo ta kare muhalli, wadda Yarima William na Birtaniya ya ƙaddamar a 2020, inda duk shekara ake zaɓar biyar, kowanne ya samu fam miliyan 1. A 2022 kamfanin Mukuru Clean Stoves na Kenya, mai ƙera murhu mai rage hayaƙi, yana cikin waɗanda suka ci. Hujjar mai kawo misalin ita ce jari ya fi wa ƙaramin kamfani amfani a kan allon da za a rataya a ofis.

An ce a raba rukuni, kada mai sarrafa tsofaffin robobi ya kara da kamfanin siminti. Batun kuɗin shiga gasa kuwa ya jawo ja-in-ja. Ni dai ina bayan masu cewa a soke shi, domin da zarar ɗan takara ya ɗauki nauyin biki, zargi ya shigo. A bayyana sunayen alƙalai tun farko, a kuma ƙwace lambar in ƙarya ta fito daga baya.