Machu Picchu a yini ɗaya daga Kusko: zai yiwu kuwa?

Baƙon_Lima:
Assalamu alaikum jama'a. Taro zai kai ni Lima, babban birnin Peru, a watan Yuli, kuma kwana biyu kacal za su rage mini bayan an tashi. Ina so in hau jirgi zuwa Kusko, washegari in je Machu Picchu, kangon tsohon birnin daular Inka da ke kan dutse, in dawo a ranar. Kamfanonin yawon buɗe ido na ta tallan tafiyar yini ɗaya. Abin na yiwuwa kuwa, ko asarar kuɗi ce? Kuma me zan fara saya?

Ɗan_Tasha:
Wa alaikumus salam. Yana yiwuwa, malam, amma ka yi lissafin nan tukuna. Mota ba ta zuwa garin da ke gindin dutsen, Aguas Calientes. Daga Kusko za ka yi kusan awa 2 a mota zuwa Ollantaytambo, sai jirgin ƙasa na PeruRail ko Inca Rail awa ɗaya da rabi zuwa da kwata uku, sai bas ta hau da kai dutsen cikin minti 25 zuwa 30. Layin bas ɗin a Yuli kan ci awa guda. Wato kusan awa 5 zuwa, 5 dawowa, don ka yi awa biyu da rabi a cikin kangon. Tashi ƙarfe 3 ko 4 na asuba, dawowa bayan isha'i.

Inda mutane ke cin tuwon ƙasa shi ne su fara sayen tikitin jirgin ƙasa. Tikitin shiga ake fara saya, a shafin ma'aikatar al'adu ta Peru, domin shi ne ke da awa ƙayyadaddiya, kuma mutum 4,500 ake bari a rana, 5,600 a lokacin cunkoso. Na Yuli kan ƙare makonni kafin ranar. Sai ka riƙe shi a hannu sannan ka nemi jirgin da zai sauke ka kusan awa ɗaya da rabi kafin lokacinka. Jirgin da ya isa wajen 7:40, tikitin ƙarfe 9 ne daidai da shi. Akwai ɗan sassauci na rabin awa zuwa minti 45 a ƙofa, in ya wuce kuɗinka ya tafi.

Hajiya_Taswira:
Ƙari kan bayanin malam: kar ka biya kowane kamfani sai sun rubuta maka lambar zagayen da ke kan tikitin. Tun Yunin 2024 aka kasa wurin zagaye uku. Na 1 sama yake bi, za ka samu hoton nan da kowa ya sani amma ba za ka shiga cikin gine-ginen ba. Na 3 ƙasa yake bi, ta wajen gidan sarki da Haikalin Rana, ba ya kai ka tudun hoton. Na 2 ne ya haɗa biyun, shi ya sa yake riga ƙarewa, kuma masu arha sukan cusa wa mutum na 1 su yi shiru.

Na 2 ya cancanci wahalar. Nan za ka tsaya dab da Haikali Mai Taga Uku ka ga duwatsun da aka sassaƙa aka haɗa ba laka ba siminti, ko bakin wuƙa ba ya shiga tsakaninsu, tun zamanin Pachacuti, sarkin Inka, wajen 1450. Hanyar kuma gaba kawai take yi, abin da ka wuce ya wuce. Huayna Picchu, dogon dutsen da ke bayan kangon, ka manta da shi, tikitinsa daban ne, lokacinka ma ba zai kai ba.

Likitan_Hanya:
Ni tsarin kwanan ne ban yarda da shi ba. Lima a bakin teku take, Kusko mita 3,400. Mutum ya sauka yau, ya kwana da ciwon kai da tashin zuciya saboda ƙarancin iska, a tashe shi ƙarfe 3? Machu Picchu kanta mita 2,430 ce, ba ita ce matsalar ba. Daga filin jirgi ka wuce Ollantaytambo kai tsaye, kimanin mita 2,800, ka kwana can. Jiki ya fi samun sauƙi, ka kuma rage awa 2 daga tafiyar safe. Ruwa da yawa, abinci mara nauyi. Mai ciwon zuciya ko na huhu ya ga likita kafin ya taso.

Baƙon_Lima:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To jirgin dawowa fa, na ƙarfe nawa? Kuma me ake hana shiga da shi?

Ɗan_Tasha:
In shigarka ƙarfe 9 ce, kar ka ɗauki wanda zai tashi kafin 2:30 na rana. Layin sauka ma dogo ne da azahar, kuma ana so ka kasance a tasha rabin awa kafin tashi. Jirgin sama zuwa Lima ka bar shi sai washegari, domin yajin aiki ko zaftarewar ƙasa kan tsayar da layin dogon, kuma shi kaɗai ne.

Fasfo na ainihi, wanda lambarsa ke kan tikiti. Jaka kar ta wuce santimita 40 da 35 da 20. Ba a shiga da lema, ko abinci, ko ƙafar kyamara. Bandaki a waje yake kawai, sol 2 a kuɗin Peru, kuma in ka fita ba komawa, saboda haka ka kama ruwa kafin ka shiga. Azahar da la'asar ka haɗa su in ka sauko gari. Ka sa dogon wando da man korar ƙwari, akwai wasu ƙananan ƙudaje masu cizon ƙafa, ƙaiƙayinsu kan yi mako.