Taƙaitawar abin da aka tattauna kan nauyin motocin lantarki

1. Kusan kowa ya amince cewa motar lantarki ta fi takwararta mai shan fetur nauyi, domin batirinta kaɗai yakan kai ɗaruruwan kilo, har an kawo misalin Hummer ta lantarki ta Amurka wadda ta haura tan 4.

2. A kan lalacewar hanya ne ra'ayi ya rabu. Wasu sun ji tsoron ƙarin nauyin zai cinye kwalta, amma mafi yawa sun ce ɓarnar tana bin nauyin da ke kan kowane gatari (ƙarfen da ke haɗa tayar hagu da ta dama) ne, saboda haka manyan motocin dakon kaya da tankokin man SORAZ (matatar mai ta Damagaram) da ke bin hanyar Damagaram zuwa Maraɗi sun fi ƙananan motoci illa nesa ba kusa ba. Ni ma nan na karkata.

3. An yarda cewa nauyi yana saurin cinye taya, ɓurɓushinta kuma yana shiga iska da ƙasa, ko da yake ƙurar birki tana raguwa tunda injin kansa yana taimakawa wajen tsayawa.

4. An tunatar cewa babban batir yana buƙatar ƙarin ma'adinai, kuma yawancin kobalt na duniya, ɗaya daga cikin ma'adinan da ake haɗa batir da su, daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake haƙo shi.

5. Shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce maimakon motocin lantarki, a fara da babura da adaidaita sahu masu caji da hasken rana, domin wutar NIJELEK, kamfanin lantarki na Nijar, tana yawan ɗaukewa, mota mai nauyi kuma tana saurin kafewa a rairayin hanyoyin ƙauyukanmu.